Yadi Ɗaya na Waya

Da safiyar Talata Hajiya ta shiga ɗakin ajiya don ta juya ƙwan ɗawisunta, ta tarar ma'aunin zafin akwatin ƙyanƙyasa ya hau arba'in da ɗaya. Talatin da bakwai da rabi ya kamata ya nuna. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙwan farko, ta ji shi kamar goshin mai zazzaɓi. Ta zare wayar batir, ta durƙusa ta leƙa ƙasan akwatin. Kusoshin nan huɗu da ke riƙe da farantin ƙasa duk an kwance su an mayar, kawunansu sai ƙyalli suke yi inda sukudireba ta kankare tsatsa.

Kafin a gama buɗe shaguna labari ya zagaye gidan. Gidan nata ne, shaguna huɗu masu kallon tsakar gida ɗaya, da famfo a tsakiya da bishiyar mangwaro. Mijinta, Baba Tela, shi ne a shagon farko, sai Mai Katifa, sai Mai Leda da ke ƙulla garin sabulu, sai Mai Aski a bakin ƙofa. Shekara biyu Hajiya na kiwon ɗawisu mace da namiji kafin macen ta zuba ƙwai biyar, ta kuma ƙi kwanciya a kansu. Autar Hajiya ce ta haɗa akwatin da hannunta kafin ta koma garin da take aiki, ta bar dokar cewa kada kowa ya taɓa cikinsa.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Mai Aski, yana kaɗe tawul. "Amma shekaranjiya wayar da wani yake yanka soso da ita ta tsinke, har ya zo yana tambayata ko ina da irinta. Jiya da yamma kuma na ji ƙaurin soso."

Kowa ya juya ya dubi Mai Katifa.

"Kuma wa ya ce wata rana sai ya saka tsuntsun nan a tukunya?" in ji Mai Leda a hankali, kamar ba ta so ta faɗa ba.

Mai Katifa ya buɗe baki, Hajiya ta riga shi.

"Ka cire wa 'ya'yana waya mai kyau ka saka musu ruɓaɓɓiya. Shekara goma sha tara kana gidan nan ban taɓa ɗaga maka murya ba. Wanda ya taɓa akwatin nan ba zai sake kwana da kaya a gidana ba. Kafin rana ta faɗi ina son makullina."

Baba Tela, wanda ke tsaye da tef a wuya, ya ce, "Hajiya, a bi a hankali mana." Ba ta ko dube shi ba. Ta kira Auta a waya, Auta ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a bar komai yadda yake, a kira Gwaggo.

*

Gwaggo ƙanwar Baba Tela ce. Shekara talatin ta yi a kamfanin wuta tana bin wayoyin da aka binne a ƙasa, tana gano inda suka tsinke ba sai an tone titi gaba ɗaya ba, shi ya sa ake ce mata Gwaggo Sawu. Ta iso da ƙarfe tara da jakar na'urar awonta a kafaɗa, tabarau na lilo a ƙirjinta.

"Matar yaya, an ce jikokinki sun kwana da zazzaɓi."

"Ki bar wasa, Gwaggo. Saura kwana huɗu su fito."

"To ai kin zare musu wuta, yanzu sanyi ne zai kama su. Wa ke da kaza mai kwanci?"

Mai Leda ce ke da ita. Kwana uku kazar tana kwance a bayan shago a kan ƙwallon mangwaro, duk wanda ya matso ta sare shi. Aka zare ƙwallon aka jera mata ƙwai biyar masu girman da ba ta taɓa gani ba. Ta dube su da ido ɗaya, ta dube su da ɗayan, sannan ta baje fukafukai ta zauna kamar dama ta san za a kawo.

Gwaggo ta koma ɗakin ajiya da Hajiya, ta tura ƙofa. Akwatin na katako ne, sanye da riga mai auduga da Baba Tela ya ɗinka masa don riƙe ɗumi, har da aljihu a gefe, domin a cewarsa rigar da ba ta da aljihu ba a gama ta ba. A cikin murfin akwai rubutun Auta da fensir: volt 12, amfiya 2.

"Yarinyar nan ta ji magana," in ji Gwaggo. "Na ce mata duk abin da ta haɗa ta rubuta awonsa a jikinsa. Matso ki gani. Volt shi ne ƙarfin da batir ke tura wuta da shi. Amfiya kuma yawan wutar da ke wucewa. Ki raba na farko da na biyu, kin sami turjiyar waya, wato yadda take ƙin barin wuta ta wuce. Da om ake ƙirga ta. Sha biyu a raba biyu?"

"Shida. Ni ba jarrabawa na kira ki ki yi mini ba."

"Om shida. Ki ninka su kuma, kin sami wat, zafin da wayar za ta bayar ke nan. Sha biyu sau biyu, ashirin da huɗu. Haka Auta ta bar shi. Bari mu ji yadda aka mayar da shi."

Ta mayar da wayar batir, ta maƙala na'urarta. Volt yana nan sha biyu. Allurar amfiya kuwa ta wuce biyu, ta je kan uku ta tsaya.

"Sha biyu a raba uku, om huɗu. Sha biyu sau uku, wat talatin da shida. An ƙara musu rabin zafin da suka saba da shi."

"Na faɗa ai. Ruɓaɓɓiyar waya."

Gwaggo ta ajiye na'urarta. Ta zare batir, ta kwance farantin ƙasa, ta ciro wani fallen tayil da aka naɗe wayar ɗumi a jikinsa. Naɗin ya yi kyau ƙwarai, tazarar kowane zagaye daidai take da ta ɗan'uwansa. Ta sa tabarau, ta kai tayil ɗin bakin taga. A ƙarƙashin wayar akwai siraran layuka masu launin ƙasa, inda zafin kwana ashirin da huɗu ya bar tabo. Ta ƙirga su da farce, talatin. Ta ƙirga zagayen wayar, ashirin.

Ta warware wayar ta miƙe ta a kan tef. Yadi biyu cif.

"Wannan wayar Auta ce, ba a canza ta ba. Yadi biyu ya ba da om huɗu, ke nan kowane yadi om biyu ne. Om shida yadi uku ke nan. An yanke yadi ɗaya, aka sake naɗe sauran."

Hajiya ta tafa hannu. "Katakon da Mai Katifa yake ɗaura wayar yankan sosonsa yadi ɗaya ne. Kullum ina ganinsa."

"To bari in je in gaishe shi. Ke kuma maganar yadi ɗayan nan ta tsaya a bakinki, ko Yaya kada ki gaya wa."

*

Mai Katifa ya riga ya jawo amalanke ƙofar shagonsa. Ya ɗaure soso falle-falle da igiya, yana cire ƙusoshin da yake rataye almakashi a bango yana zuba su a gwangwani. Ya shimfiɗa wa Gwaggo guntun soso a kan benci ba tare da ya dube ta ba.

"Ka ce za ka dafa ɗawisu?"

"Na faɗa. Wa bai faɗa ba a gidan nan? Tsuntsun da ke ihu kamar an taka masa wuya, kina tsaka da awo ki manta lambar. Amma ki tambaye shi wa ke ba shi gefen burodi kowace safiya."

"Zan tambaye shi. Ina ka samo sabuwar waya?"

"Tsohon murhun lantarkin matata na farke. Ita ma ba ta sani ba tukuna, don Allah kada a haɗa mini biyu."

Gwaggo ta yi dariya, ta ce ya kunna mata. Abin yankan na katako ne, mai siffar baka, waya a miƙe tsakanin bakinsa biyu, da ƙaramar taransifoma a gefe. Tsawon wayar yadi ɗaya ne, ba ƙari ba ragi. Gwaggo ta maƙala na'ura. Volt biyar, amfiya biyar.

"Biyar a raba biyar, om ɗaya. Wadda nake nema om biyu ce a yadi. Taka ta fi ta kauri, wuta na wucewa cikinta a sake. Ba ita ba ce."

"Ai na san ba ita ba ce."

"To ka sauke kayan."

Ya girgiza kai, ya ci gaba da cire ƙusa. "Gwaggo, a gaban kowa aka ce mini ɓarawo. 'Ya'yana uku a bakin famfon nan suka koyi tafiya. In za a wanke ni, a wanke ni a inda aka shafa mini. In ba haka ba, ga makulli nan a kan taga."

*

Mai Leda na zaune a gaban injin liƙe leda, tana danna shi da ƙafa, ƙamshin sabulu ya cika shagon har Gwaggo ta yi atishawa sau biyu.

"An ce injinki ya mutu makon jiya."

"Ya mutu ya tashi. Ƙanena ya kawo mini sabuwar waya." Ta ɗaga murfin da kanta. Wayar falle ce mai faɗi kamar zaren kaset, tsawonta bai fi taki ɗaya ba. Gwaggo ba ta ma buɗe jaka ba.

"Jiya wa kika ga ya shiga ɗakin ajiya?"

Mai Leda ta leƙa waje, ta rage murya. "Hajiya ta tafi duba yayarta a asibiti tun azahar. Ni kaina a ƙasa yake, ina aiki. Amma Mai Aski na shiga ɗakin nan kusan kullum in an ɗauke wuta, da wani abu a ƙarƙashin riga. Kada ki ce ni na faɗa."

Mai Aski bai ja da nisa ba. Yana ganin Gwaggo ta zauna a kujerar aski ta harɗe ƙafa tana kallonsa ta madubi, ya ajiye buroshi.

"Injin aski kawai nake ɗan jonawa a batir ɗin. Minti goma. Ba zan bar mutum da rabin kai ba, Gwaggo, ke ma kin sani. Ni ne na dafa ƙwan?"

"Da kai ne, da sanyi za su ji. Abin da ka ja a batir raguwa yake yi musu, ba ƙaruwa ba. Ka taɓa kwance ƙasan akwatin?"

"Ni da ko fulogi ya lalace sai na kira mutum?"

"To ka rage yawan ji da gani a kan maƙwabta, tunda kai ma kana da abin da ake gani."

"Hajiya za ta sani?"

"Za ta sani. Gara ta ji daga bakinka."

*

Rana ta take tsaka Gwaggo ta shiga shagon yayanta neman shayi. Tun suna yara shi ne mai haɗa mata, ya san cokali ɗaya na sukari take sha. Yau sai da ya zuba uku tana kallo.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Ina tunanin bawan Allahn nan ne. Ba halinsa ba ne."

"Ba shi ba ne."

"To wane ne?" Ya tambaya da gaske, idonsa a kanta. "Wane mara imani ne zai ƙara wa ƙwai wuta?"

Kafin ta amsa wani direba ya shigo karɓar wandonsa da ya kawo a rage masa tsawo. Baba Tela ya ciro wandon a goge, ya ɗaga shi ya nuna masa kalmasa. Sannan ya buɗe durowa, ya ɗauko guntaye biyu da ya yanke daga ƙafafun, a naɗe, an ɗaure su da zare, ya tura su cikin aljihun wandon.

"Baba, me zan yi da wannan?" in ji direban yana dariya.

"Naka ne. Ni ɗinki aka kawo mini, ba a ba ni yadi ba."

Shekara arba'in Gwaggo na jin wannan amsar. Duk rigar da ya taɓa ɗinka mata, sai ta tsinci ragowar yadin a aljihu ranar da ta fara sa ta. Ta kurɓi shayin, zaƙinsa ya kama mata haƙori, ta shanye shi tas don kada ya lura. Ta yi masa godiya ta fita, ta bi ta bayan famfo zuwa ɗakin ajiya.

Ta zura hannu cikin aljihun rigar akwatin. A can ƙasa yatsunta suka taɓa wani ɗan zobe. Waya ce siririya, an naɗe ta a kan yatsu biyu, an ɗaure da shuɗin zare, an yanke bakin zaren daidai wa daida.

Ta zauna a kan buhun dusa ta yi dariya ita kaɗai har sai da ta cire tabarau ta share ido.

*

Bayan la'asar ta tara su a gindin mangwaro. Ta ɗora batir da tayil da na'urarta a kan teburin guga. Hajiya ta zauna a kujera, Baba Tela na tsaye a bayanta. Mai Katifa ya ƙi zama, ya jingina da amalankensa da ya cika maƙil.

"Tambaya ɗaya zan yi, kowa ya amsa," in ji Gwaggo. "Akwati ya yi zafi, kana so ka rage. Ga wayar da ke ba da zafin. Me za ka yi mata?"

"A rage ta mana," in ji Mai Aski. "Kai ma in ya yi zafi gashi ake ragewa."

"Ragewa," in ji Mai Leda.

"In itace ya yi yawa a murhu ai zarewa ake yi," in ji Hajiya. Baba Tela ya gyaɗa kai a bayanta da ƙarfi.

"Mai Katifa?"

"Ƙara mata tsawo ake yi," ya ce, kamar an tilasta masa. "Guntuwar waya ta fi zafi. Ga shaida." Ya ɗaga babban yatsansa, inda wani tsohon tabo ya ratsa.

"Mutum ɗaya ke nan a gidan nan da ba zai taɓa yin wannan aikin ba," in ji Gwaggo. "Ku dubi famfon can. In aka sa masa dogon tiyo, ruwa a gajiye yake fitowa. A guntule tiyon, sai ya yi feshi. Haka waya take. Doguwa ta fi turjiya, wuta kaɗan ke wucewa. An yanke yadi ɗaya a wayar akwatin nan, turjiya ta sauka daga om shida zuwa huɗu, wuta ta hau daga amfiya biyu zuwa uku, zafi ya tashi daga wat ashirin da huɗu zuwa talatin da shida."

Ta jona yadi biyun a batir, allura ta je kan uku, kowa ya leƙa ya gani. Sai ta ciro ɗan zoben daga jaka, ta tsinke shuɗin zaren, ta murɗe bakin guntun da na doguwar, ta sake jonawa. Allura ta tashi, ta yi ɗan rawa, ta kwanta a kan biyu.

"Ga yadin da ya ɓata. Bai bar ɗakin ba. A aljihun rigar akwatin na same shi, a naɗe, a ɗaure. Ba sata aka yi ba, gyara aka yi. An auna kafin a yanka, an jera sauran kamar ɗinkin hannu, sannan aka mayar wa mai kaya ragowarsa."

Ba ta dubi kowa ba, tana ta naɗe wayoyin na'urarta. Mai Leda ce ta fara sa hannu a aljihun rigarta, ta tsaya, ta rufe baki. Hajiya ta juyo a hankali a kan kujera.

Baba Tela ya cire tef daga wuyansa ya naɗe shi, ya sake warwarewa.

"Talatin da takwas da rabi ya nuna jiya da rana," ya ce. "Ba kya nan. Na tsaya ina kallonsu, na ce shekara biyu tana jira. Abu in ya yi yawa ai ragewa ake yi. Na rage kashi ɗaya cikin uku, yadda nake yi wa hannun riga."

"Ramukan iska ake buɗewa, Yaya. Suna nan a sama, Auta ta toshe su da toton kwalba."

"Na ɗauka ado ne."

"Malam," in ji Hajiya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun safe kana tsaye ina korar mutum."

"Wallahi na ɗauka wani ne ya biyo bayana ya ɓata gyaran da na yi. Har cewa nake a raina, Allah ya so na rage, da yanzu sun dahu." Ya mayar da tef ɗin wuyansa. "Kuma kin ce wanda ya taɓa akwatin ya bar gidan. Na duba, ban ga inda zan je da keken ɗinki ba."

Mai Aski ne ya fara fashewa da dariya, Gwaggo ta ɗaga masa gira, ya haɗiye, ya ce shi ma yana da 'yar magana game da batir amma ba ta gaggawa ba ce. Hajiya ta so ta riƙe fuska, leɓenta ya ƙi. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta taka har gaban amalanken.

"A gaban mutanen nan na ce maka ɓarawo, a gabansu nake cewa ƙarya na yi maka. Ka yafe mini. Shagonka naka ne har ranar da ka gaji da mu."

Mai Katifa ya dubi ƙasa, ya murza tabon yatsansa. "Ya wuce, Hajiya." Ya ɗago kai. "Sai dai ina roƙon alfarma. Shi wanda ya taɓa akwatin, a bar shi ya zauna. Ya daɗe a gidan, kuma ba shi da hayaniya."

Wannan karon har Hajiya sai da ta dafa amalanke don dariya. Ana cikin haka Mai Leda, wadda ta zame ba a lura ba, ta dawo daga bayan shago da tocila a hannu ɗaya, tana tsotsar bayan ɗayan.

"Na haska ƙwan. Uku suna motsi sosai, biyun ban tabbata ba. Amma duk mai son mayar da su akwati ya je da kansa, ni dai kazar ta sare ni sau biyu."

"A bar mata," in ji Gwaggo. "Ita ba ta da wayar da za a rage."

*

Baba Tela ya ce ba wanda zai sauke kayan sai shi. Mai Katifa ya yi kawaici sau ɗaya, a na biyu ya jawo kujerar Hajiya ya zauna a inuwa, Mai Aski ya kawo masa ruwan sanyi ba a tambaye shi ba. Gwaggo na gefe tana sake naɗe yadi uku a kan tsofaffin layukan tayil, tana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon ya yi sawu shida, soso a ka, ba a ganin komai nasa sai ƙafafu. A na bakwai ya ɗauko falle mafi tsawo, na gadon mutum biyu, ya nufi ƙofar shagon da shi a kwance. Gefe da gefe suka tokare. Ya ja baya ya sake gwadawa, suka sake tokarewa. Ya sauke shi, ya dubi ƙofar, ya dubi soson, ya auna abin da ya yi saura da tafin hannu. Ɗaya hannun ya fara lalubar aljihun da yake ajiye almakashi.

"Baba," in ji Mai Katifa daga inuwa, bai ko ajiye kofin ba. "A juya shi a tsaye kawai. Zai shiga."